MUN BAR JAKI MUNA DUKAN TAIKI: MAGANA A KAN HAUSAR MASU SHARHIN ƘWALLO

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Makon jiya wani abokinmu ya turo ɗan bidiyo a zauren WhatsApp ɗinmu na tsofaffin ɗalibai. Wani matashi ne a wani gidan rediyo yana karanta labarin wasanni. Da ya zo kan sunan ɗan wasan nan na ƙasar Jojiya, Khvicha Kvaratskhelia, sai harshe ya sarƙe. Ya ɗauko ya saki, ya sake ɗaukowa ya saki, a karo na uku sai ya ce "wannan dai yaron na PSG", ya wuce abinsa. Kafin ya rufe shirin kuma ya kira Leicester da "Laisesta". Kai, zaure ya kacame da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Har wani daga cikinmu ya ce irin waɗannan ne suke ja wa Arewa raini.

A daren ranar ina zaune a tsakar gida da kawuna, wanda ya zo daga ƙauye ganin likitan ido, muka kama wata tashar daban. Mai gabatarwar irin waɗanda Turanci ya zauna a bakinsu ne, kowane suna yana fitar da shi kamar a Landan aka yanke masa cibiya. Ga abin da ya faɗa, sai da na rubuta a waya don kada na manta: "Honestly a first half sun yi dominating ɗin midfield, amma finishing ɗinsu ne poor, so a ƙarshe dai aka yi sharing ɗin points." Kawu ya juyo ya dube ni ya ce, "To ɗan nan, wai wa ya ci ne?" Na ce, "Kawu, kunnen doki aka yi." Ya ce, "To me ya hana shi ya faɗa?"

Babu wanda zai yanki wannan ya tura zaure don a yi dariya. Shi ne ma muke kira wayayye. Wancan kuwa da ya yi tuntuɓe a kan suna biyu, amma duk wanda ya saurare shi ya san wa ya ci, da ci nawa, a minti na nawa, shi ne abin tsokana. Jama'a, mun bar jaki muna dukan taiki.

Ni ba ɗan jarida ba ne, ma'aikacin gwamnati ne kawai da ya tashi da rediyo a kunne. Amma a shekarun da na yi ina sauraro, na lura abin da muke tarawa mu kira "kuskure" iri uku ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne suɓutar baki. Mutum yana magana kai tsaye na minti 90, babu takarda a gabansa, idonsa yana kan mutum 22 da ƙwallo ɗaya, wani kuma yana yi masa magana a kunne. Dole wata rana ya kira Musa da sunan Isa, ko ya ce an ci alhali turke ta buga. Wanda yake ganin abin da sauƙi, ya rage sautin talabijin ya gwada minti biyar kacal, ya naɗi muryarsa ya saurara. Wallahi zai ji tausayin kansa.

Wannan ba ciwon Bahaushe ba ne. David Coleman na BBC ya yi sharhin gasar Olamfik har 11, amma saboda yawan suɓutar bakinsa sai da mujallar barkwanci ta Private Eye ta buɗe shafi da sunansa, inda take tara irin waɗannan maganganu na masu sharhi. Chris Kamara na Sky Sports, a 2010, yana cikin fili ana wasan Portsmouth da Blackburn aka ba ɗan wasa jan kati ya fita, shi bai ma lura ba, ya ɗauka canji aka yi. Sai daga ɗakin watsa shiri aka gaya masa, duniya tana kallo. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ci gaba da aikinsa. Amma ga abin lura: a 2022 masu kallo suka fara tsegumi cewa maganarsa tana jan ƙafa, sai ya fito ya bayyana cewa yana fama da wata larura da take hana baki fitar da kalma yadda ƙwaƙwalwa ta tsara ta. Don haka kafin ka tura bidiyon wani yana in'ina, ka ji tsoron Allah, ba ka san abin da yake ɗauke da shi ba.

Sai dai ba kowace magana ce za a fake da suɓutar baki a kanta ba. A 2004, bayan wasan Monaco da Chelsea, Ron Atkinson ya ɗauka an kashe makirufo, ya zagi Marcel Desailly da kalmar wariyar launin fata. Maganar ta fita, aikinsa na ITV ya tafi. Wannan ba harshe ne ya zame ba, abin da ke cikin tulu ne ya tsiyayo. A nan gida ma, mai sharhin da yake jefa habaici ga wata ƙabila ko wani gari da sunan raha, ya sani magana zarar bunu ce. Filin ƙwallo wuri ne da jini ke saurin hawa, kalma ɗaya a rediyo tana iya sa a jefi motar baƙi.

Na biyu shi ne furucin sunayen waje, wanda a kansa muka fi yi wa mutane dariya. A nan ina so mu ɗan natsu. Kowane harshe yana da yadda bakin masu shi ya saba. Hausa ba ta son tara baƙaƙe a jere a farkon kalma, kuma ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Ba ta raba "p" da "f", kuma ba ta da "v". Shi ya sa muka samu asibiti, da bokiti, da direba, da samanja. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka aro daga Faransanci suka samu lakwal da mushe. A kan wannan hanyar ce aka samu Firimiya da fenariti, a kanta ce kuma yaron gidan kallo yake cewa Libaful da Asanal. Wannan ba jahilci ba ne, ƙa'idar harshe ce take aikinta.

Balarabe yana cewa Barshaluna, babu wanda ya ce masa baƙauye. Baturen Ingila yana kiran München da Munich, yana furta "s" ɗin ƙarshen Paris wadda masu garin ba sa furtawa. César Azpilicueta ya shekara 11 a Chelsea, har ya zama kyaftin, amma da sunansa ya gagari mutanen wurin sai kawai suka raɗa masa "Dave". Su ba su ji kunya ba. Kuma ku saurari yadda suke fama da Iheanacho da Chukwueze da Ndidi. To don me sai ɗanmu ne zai zama abin dariya don Kvaratskhelia ya kayar da shi?

Amma fa ban wanke shi tas ba. Akwai bambanci tsakanin Hausantar da suna da karanta shi da ka. "Lesta" Hausantarwa ce, domin haka masu garin suke faɗa, mu kuma muka daidaita shi da bakinmu. "Laisesta" kuwa alama ce ta cewa mutum bai taɓa tsayawa ya ji an faɗa ba. Ƙungiyar da ta ɗauki Firimiya a 2016, Ahmed Musa ya koma cikinta a shekarar, Ndidi da Iheanacho suka bi bayansa a 2017, ai mai labarin wasanni a Arewa ba shi da uzurin rashin saninta. Haka nan harafin "j": a Sifaniya kamar "h" yake fita, shi ya sa Jesús Navas ake ce masa Hesus. Amma José Mourinho ɗan Fotugal ne, nasa ya fi kusa da "j" ɗinmu, ba Hose ba ne. Ajax kuma Ayaks ce, Juventus Yubentus ce, Thierry Henry kuwa "h" ɗinsa ba ya fita. Duk wannan aikin minti biyar ne da waya kafin a shiga shiri. Matambayi ba ya ɓata. Sunan mutum haƙƙinsa ne, ka yi iya ƙoƙarinka, inda baki ya gaza kuma babu laifi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda zai murɗe hanci don ya fitar da sunan Bafaranshe daidai, amma ya zo kan namu ya yi musu kisan gilla. Filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata yake, ba "Kofar Mata" ba. Akwai Ƙanƙara, akwai Ƙaraye, akwai Ɗambatta, kowanne da ƙugiyarsa. Sunayen 'yan'uwanmu na Kudu ma haka: Nwabali da Osimhen 'yan ƙasarmu ne, rigarmu suke sawa, kuma da wuya a rasa wanda zai gyara maka furucinsu a cikin garin da kake. Mun fi kula da na nesa a kan na kusa.

Wannan ya kawo ni kan na uku, wato jakin da muka bari. Shi ne kashe ma'ana, kuma ta hanya uku ake yinsa: zubar da ƙugiya, cakuɗa Turanci babu dalili, da fassarar kalma da kalma.

Ɗauki ƙugiya. "Pillars da Enyimba za su kara" daban, "za su ƙara" daban. Na farko wasa za a yi, na biyu an riga an yi za a sake. "Ya kafa tarihi" daban da ƙafar da ya buga ƙwallo da ita. "Baƙi sun yi nasara" ba "baki" ba ne. "An yi faɗa" da "an je fada", ɗigo ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, amma a ma'ana tafiyar kwana ce. Yadda abin yake faruwa kuwa sananne ne: ana buga labari a waya ko kwamfuta babu ƙugiya ko ɗaya, a miƙa wa mai karatu minti biyu kafin shiri, shi kuma ya yi ta canka a kan iska. Alhali yanzu allon rubutun waya yana da Hausa da ƙugiyoyinta, kyauta, saukewa kawai za a yi.

Kada a fahimce ni a baibai. Karin harshe ba kuskure ba ne. Basakkwacen da ya ce "biyat" ko ya ce "hili", Hausarsa yake yi, kuma ingantacciya ce. Bazazzagi da Bakatsine da Bahaɗeje da mutumin Damagaram da na zangon Kumasi, kowa da irin tasa, kuma daɗin rediyo ke nan. Ba ina kiran kowa ya koma Bakano ba ne. Ina magana ne a kan wanda ba ya yin ko ɗaya daga cikinsu.

Abin takaicin shi ne, a fannin ƙwallo Hausa ba matalauciya ba ce. Waɗanda suka riga mu, a gidajen rediyo da filayen unguwa, sun bar mana dukiya. Dubi "satar gida". Ko wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba ya ji wannan ya san wani ya laɓe inda bai kamata ba. Dubi "bugun daga kai sai mai tsaron gida", kalmar da kanta tana sa gaba ya faɗi. Ga bugun tazara, ga bugun kusurwa, ga katin gargaɗi, ga ƙeta, ga cin gida, ga kunnen doki da canjaras, ga "biyu da nema", ga wasan sada zumunta, ga wasan hamayya, ga wasan dab da na kusa da ƙarshe. Lokacin da Ademola Lookman ya zura wa Bayer Leverkusen ƙwallo uku a wasan ƙarshe na kofin Europa a watan Mayun 2024, ba mu buƙaci aron komai ba: uku rigis ya ci. Ka gaya min wace kalmar Turanci ce ta fi "rigis" nauyi a kunne?

To mutum yana da wannan rumbu a gidansu, ya bar shi ya tafi bara. Kuma barar ma ba ta ƙoshi ba ce, domin Turancin da ake cusawa sau da yawa shi ma a karye yake. A ƙarshe ba a yi Hausa ba, ba a yi Turanci ba.

Bari na ba ku misalin da ya faru a gabana. Ranar 7 ga Fabrairun 2024, wasan kusa da ƙarshe na kofin Afirka a Kwaddibuwa, Najeriya da Afirka ta Kudu. Babu wuta a unguwarmu, gidan kallo ya cika ya batse, sai muka taru wajen mai shayi muna bi ta rediyo. Muna gaba da ci ɗaya, wanda Troost-Ekong ya ci da fenariti. Saura 'yan mintuna a tashi Osimhen ya zura ta biyu, wuri ya rikice da murna. Can sai muka ji mai sharhi yana ta ihu: "VAR check! VAR check! An yi overturning! Penalty ne a other end!" Wallahi rabin mutanen wurin sun ɗauka bayan ci biyun, an kuma ƙara mana fenariti. Wani dattijo har ya ce a zuba wa kowa shayi a kansa. Sai da wani yaro ya duba waya ya ce, "Baba, ai mu aka yi wa." Abin da mai sharhin ya kamata ya ce bai fi numfashi biyu ba: an soke ƙwallon Osimhen, alƙalin wasa ya je ya duba na'ura ya ga tun kafin mu kai harin ɗan wasanmu ya yi ƙeta a cikin yadinmu na 18, don haka an ba Afirka ta Kudu fenariti. Shi ke nan. Suka farke, aka tafi ƙarin lokaci, Allah Ya taimake mu Nwabali ya tare biyu muka wuce da 4 da 2. Amma a minti mafi muhimmanci na wasan, wanda aka ɗora wa amanar zama idonmu ya bar mu a duhu.

Mai kallon talabijin ko an yi masa shirme yana ganin hoto. Mai rediyo ba shi da komai sai bakinka. Direban da ke kan hanyar Funtuwa cikin dare, da maigadi, da makaho, da manomin da ya rataya rediyo a reshe, su ne masu shirin, ba abokanka na jami'a ba.

Na san za a ce ai ƙwallon yanzu ta zo da sababbin kalmomi da Hausa ba ta da su. Gaskiya ne. Amma aikin mai sharhi ke nan, ya narkar da su. Abin da suke kira xG ba wani sihiri ba ne: lissafi ne na yawan ƙwallayen da ya kamata ƙungiya ta ci idan aka auna kyawun damar da ta samu. Fenariti, alal misali, ana ba shi kusan kashi uku cikin huɗu na ci, domin kusan haka ake cin sa. Ka ce "bisa damar da suka samu, ya kamata a ce sun ci biyu, amma ko ɗaya ba su ci ba", Kawu ya gane. Abin da suke kira "false nine", irin rawar da Guardiola ya ba Messi ranar da Barcelona ta ci Real Madrid 6 da 2 a 2009, ai ɗan gaba ne da yake janyewa tsakiya don ya yaudari masu tsaron baya su biyo shi su bar gida a buɗe. Kira shi lamba tara ta bogi, ka yi bayani sau biyu, a mako na uku yaran gidan kallo sun ɗauka. "Low block" kuma ai tarewa ce a gida, kowa ya koma baya ya tsare. Wanda ya kasa faɗin abu da harshen mai sauraronsa, ina shakkar ko shi ma ya gane abin.

Ita kuwa fassarar kalma da kalma, ita ce take haifar da "a ƙarshen rana" a wurin "daga ƙarshe", da "sun faka bas" a wurin "sun tare a gida". Wata tana shigewa har ta zauna, kamar "saman teburi" da yanzu kowa ya saba da shi ko da yake babu teburi babu kujera a wurin. Na yarda, wanda ya zauna ya zauna. Amma ba dalili ba ne na a buɗe ƙofa kowane tarkace ya shigo.

Wani zai ce, Malam, duk wannan a kan ƙwallo? Wasa ne fa. To ai bakin da ya karanta labarin wasanni da ƙarfe biyar, sau da yawa shi ne zai karanta labaran duniya da ƙarfe shida. Sakacin da ya saba da shi a can, da shi zai zo nan. A nan kuma ba shayi ake asara ba.

Na gani da idona. Akwai shekarar da ma'aikatarmu ta fitar da sanarwar wani ɗan aiki na gyara, kuɗinsa miliyoyi ne. Wani gidan rediyo ya karanta miliyan a matsayin biliyan. Harafi ɗaya. Kafin azahar an fara kiran waya a shirye-shiryen barkwancin siyasa ana tsine mana, kafin magariba 'yan'uwa sun fara kirana ana "ashe haka kuke ci ba ku gaya mana ba". Mun rubuta musu takarda, suka gyara bayan kwana biyu, a cikin jimla ɗaya, a ƙarshen labarai. Waɗanda suka ji gyaran ba su kai ɗaya bisa goma na waɗanda suka ji ɓarnar ba, a ƙiyasina. Har yau akwai wanda yake kallona da wannan biliyan ɗin.

Irin wannan suna da yawa. "An dakatar da shi" ba "an kore shi" ba ne. "An ɗage zaɓe" ba "an soke zaɓe" ba ne. "Ana zarginsa" ba "ya aikata" ba ne. Kotu ta kori ƙara saboda an shigar da ita ba bisa ƙa'ida ba, daban yake da ta wanke mutum. Kalmar Turancin nan da ake amfani da ita bayan haɗari ko hari, wadda ta haɗa matattu da masu rauni, sau nawa muka ji an mayar da ita "waɗanda suka mutu"? Ka yi tunanin uwar da ɗanta yake cikin motar. A ƙasar da jita-jita take iya tayar da gari kafin la'asar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu tuna matsayin da rediyo yake da shi a wurinmu. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Kafin su akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Ta waɗannan kafofi ne kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, da jirgi mai saukar ungulu, da ƙuri'ar raba gardama, da zaɓen fid da gwani, da kasafin kuɗi suka shiga bakin mutanen da ba su taɓa zama a aji ba. Wasu mutane ne suka zauna suka yi gumi kafin su samo su. Wato gidan rediyo makaranta ne, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da mai gabatarwa ya faɗa yau, shi yara za su faɗa gobe. Ni kaina na ji ɗana yana cewa "sun yi losing", na tambaye shi ina ya baro "an ci su", ya ce ai haka ake faɗa a rediyo. Me zan ce masa?

Adalci kuma shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Yaran nan ba su kaɗai ne da laifi ba. Tun da dokar 1992 ta buɗe ƙofar kafa gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu, tashoshi suka yawaita, kuma alheri ne babba. Amma yawan bai zo da yawan editoci ba. Da yawa daga masu shirin wasanni sayen fili suke yi, ko kuma aikin sa kai suke yi, ɗan abin da suke samu bai wuce kuɗin mota ba. Babu mai duba rubutunsu, babu wanda ya horar da su, daga shafin Turanci a waya suke fassarawa kai tsaye makirufo yana kunne. Wasunsu kuma sun fito daga makarantun da ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa a aji. Mu iyaye mu muka biya kuɗin wannan tarbiyya, muna alfahari. Yanzu kuma mu dawo muna mamaki? Laifi tudu ne.

Masu cewa harshe yana canjawa, ba a tsayar da shi, ni ma na yarda. Gola aro ce, kwana aro ce, rafali da kociya da fenariti duk aro ne, kuma babu mai faɗa da su, domin sun shigo sun sa rigar Hausa sun zauna. Aro shi ne ka ɗauko abin da ba ka da shi. Amma ka ajiye "sun mamaye tsakiya" ka ce "sun yi dominating ɗin midfield", wannan ba aro ba ne, nuna isa ne. Gwajin mai sauƙi ne: idan kakarka ko mai shayin unguwarku ba zai gane ba, alhali akwai yadda za ka faɗa ya gane, to kai ka gaza, ba Hausa ba.

Me za a yi? Ba abu ne mai tsada ba.

Kowane gidan rediyo ya samar da 'yar takarda, ko shafi biyu ne, ta kalmomin wasanni da na kotu da na kuɗi, da yadda gidan ya amince a faɗe su, a manna a bangon ɗakin watsa shiri. A samu mutum ɗaya, ko tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, wanda zai riƙa duba rubutu kafin a karanta. Irin waɗannan dattawan suna nan a gari, da yawansu ko don a tuna da su za su zo. A riƙa rubuta adadi da lamba da kuma kalmomi, domin kada miliyan ta sake zama biliyan. Sunan da yake da wuya a rubuta shi a gefe yadda ake furta shi. Idan an yi kuskuren da ya taɓa mutuncin wani ko ya canja labari, a gyara a lokacin da aka yi shi kuma da irin ƙarfin muryar da aka yi shi, ba a ɓoye a wutsiyar labarai ba.

Sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu su ma su fito daga harabar makaranta. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, aiki ne babba. Me zai hana a samu ɗan ƙaramin ƙamus na wasanni da kafofin watsa labarai, wanda zai zauna a waya, a riƙa sabunta shi duk shekara tare da masu aikin? Ranar Hausa ta 26 ga Agusta kada ta tsaya a kan sa babbar riga da ɗaukar hoto, a fito da abu ɗaya irin wannan da za a riƙa amfani da shi.

Mu kuma masu sauraro mu gyara abin da muke yi wa dariya da abin da muke yabo. Yaron da ya yi tuntuɓe a kan Kvaratskhelia, a tura masa yadda ake faɗa ta akwatin sirri, a ƙarfafa masa gwiwa. Wanda kuma yake yi mana rabin Hausa rabin Turanci, a kira shirinsa a gaya masa cikin ladabi cewa Kawu bai gane ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ni dai na koma zauren nan namu na ce musu na janye dariyata. Wasu suka ce na cika ɗaukar abu da zafi. Wataƙila. Amma Kawu ya koma ƙauye da rediyonsa, idon kuma likita ya ce sai dai a lallaɓa. Abin da ya rage masa na ƙwallo shi ne abin da za a gaya masa. Ina roƙon masu makirufo, don Allah, ku riƙa gaya masa wa ya ci.

Masu sharhin da suke ƙoƙari, kuma suna da yawa, Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira. Inda na yi kuskure a gyara min, ni ma ɗan koyo ne. Allah Ya sa mu dace.